Lafiyar Mai Jego: Abin da Binciken Likitoci Ya Gano Game da Raunin Zuciya da Ciwon Damuwa Bayan Haihuwa

Gabatarwa

Jego shi ne lokacin da mace take ciki tun daga ranar da ta haihu har zuwa cikar kwana arba'in. Lissafin likitoci ma bai yi nisa da wannan ba, domin su mako 6 suke ƙirgawa. A cikin wannan ɗan lokaci ne jikin mace yake komawa yadda yake kafin ta ɗauki ciki, kuma a cikinsa ne wasu cututtuka guda biyu suke kama mata ba tare da an gane su da wuri ba. Na farko shi ne raunin zuciya bayan haihuwa. Na biyu kuwa shi ne ciwon damuwa da rikicewar hankali.

An tanadi wannan shafi domin mazauna Samaru da Sabon Gari da ƙauyukan da ke kewaye da Zariya, da kuma hakimai, dagatai, masu unguwanni, kansiloli da ma'aikatan lafiya na ƙananan hukumomi. Manufarsa ita ce a bayyana abin da bincike ya tabbatar game da waɗannan cututtuka, yadda suke aiki a cikin jiki, da matakin da ya kamata a ɗauka idan an ga alamunsu.

Matsayin Zariya a tarihin wannan bincike

An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru cikin shekarar 1962. Asibitin koyarwarta ya daɗe yana aiki a Tudun Wadan Zariya kafin ya koma mazauninsa na dindindin a Shika. A wannan asibiti aka gudanar da manyan bincike guda biyu waɗanda har yau likitocin duniya suke ambata.

Na farko shi ne na Dakta Davidson da Farfesa Eldryd Parry. Daga 1969 zuwa 1972 sun duba mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka wallafa sakamakon a 1978. Sun ƙiyasta cewa a tsakanin matan Hausawa na Zariya, kusan mace 1 cikin 100 da suka haihu takan kamu da wannan ciwo, abin da ya zarce na ƙasashen Turai da Amurka nesa ba kusa ba. Haka kuma sun lura marasa lafiyar sun fi yawa a watannin zafi da damina.

Na biyu shi ne na Farfesa Kelsey Harrison, likitan mata ɗan Nijeriya, wanda ya bi diddigin haihuwa 22,774 a jere a asibitin Zariya daga 1976 zuwa 1979, aka buga rahotonsa a 1985. Babban darasin rahoton shi ne cewa matan da ba su je awon ciki ba, sai da abu ya ɓaci aka kawo su, su ne suka fi mutuwa, kuma rashin ilimi da talauci suna da hannu dumu-dumu cikin lamarin.

Raunin zuciya bayan haihuwa

Zuciya tsoka ce mai tura jini zuwa sassan jiki. A wannan ciwo tsokar takan yi rauni a ƙarshen ciki ko cikin watannin farko bayan haihuwa, a jikin macen da a da ba a san ta da ciwon zuciya ba. Idan zuciya ta kasa tura jini yadda ya kamata, sai ruwa ya taru a huhu da ƙafafu da ciki. Shi ya sa mai jego take haki, take kumbura, take kasa kwanciya sai an jingina ta.

Likitocin Zariya na wancan zamani sun danganta yawan ciwon da al'adun jego, wato wanka da ruwa mai tsananin zafi safe da yamma, kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, da shan kunun kanwa. Dalilinsu shi ne kanwa tana ɗauke da gishiri mai yawa wanda yake riƙe ruwa a jiki, zafi kuma yana buɗe jijiyoyin fata, don haka zuciya take ɗaukar kaya fiye da ƙarfinta. Da aka ci gaba da bibiyar waɗannan mata shekaru masu yawa, an tarar da yawa daga cikinsu sun kamu da hawan jini.

Binciken baya-bayan nan ya faɗaɗa wannan fahimta. Daga shekarar 2017, wani ayarin likitoci ƙarƙashin Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ta Kano ya tattara bayanan mata fiye da 400 masu wannan ciwo daga asibitoci fiye da 20 a faɗin Nijeriya. Sakamakon da aka buga a 2020 ya nuna mafi yawansu daga shiyyar Arewa maso Yamma suka fito, kuma a Kano an sami mace 1 cikin kowace haihuwa 96. Sai dai binciken bai sami alaƙa tsakanin ciwon da al'adun jego ko ƙabila ba. Abubuwan da suka fito fili su ne rama, rashin ilimin boko, rashin sana'a, da hawan jinin masu ciki wanda yake kai wa ga jijjiga.

Ma'anar wannan ita ce, barin wankan jego kaɗai ba zai kawar da ciwon ba. Amma duk da haka, macen da take da kumburi, ko haki, ko hawan jini, ya kamata ta kauce wa kanwa da yawan gishiri da ruwa mai ƙuna, domin suna ƙara wa zuciya mai rauni nauyi.

Yadda ciwon yake aiki a cikin jiki

Masana sun gano hanyoyi huɗu da suke haɗuwa:

1. Sinadarin nono. A 2007 masu bincike a Hanoba ta ƙasar Jamus, ƙarƙashin Farfesa Denise Hilfiker-Kleiner, sun nuna cewa furolaktin, sinadarin da yake sa a yi ruwan nono, yakan tsage a jikin wasu mata, guntun da ya fita kuma ya lalata ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da tsokar zuciya. Daga nan aka gwada maganin buromokiriftin a kan mata 20 a Afirka ta Kudu, aka ga alamun amfani a 2010. Wannan magani yana ƙafar da nono, kuma ana haɗa shi da maganin hana daskarewar jini, saboda haka likitan zuciya kaɗai ke da ikon bayar da shi.

2. Sinadarin mabiyiya. A ƙarshen ciki mabiyiya takan saki wani sinadari mai hana jijiyoyin jini gyara kansu. Ya fi yawa ga mai hawan jinin ciki da mai ɗauke da tagwaye, wanda hakan yake bayyana dalilin da ya sa haɗarinsu ya fi girma.

3. Gado. Wani bincike na 2016 a kan mata 172 ya sami canji a ƙwayoyin halittar gado na tsokar zuciya a jikin kashi 15 cikin 100 nasu.

4. Abinci. Tun 1992 aka sami ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin masu wannan ciwo a Yamai ta Jamhuriyar Nijar, daga baya kuma aka sami irin haka a Kano.

Ta fuskar gano ciwon da wuri, wani gwaji da aka yi a asibitoci 6 na Nijeriya a kan mata kimanin 1,200, wanda aka buga a 2024, ya nuna cewa na'urar sauraren bugun zuciya mai aiki da ƙirƙirarriyar basira ta ninka yawan waɗanda ake ganowa sau biyu.

Ciwon damuwa da rikicewar hankali

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 10 cikin 100 na masu ciki, da kashi 13 na masu jego, suna fama da matsalar da ta shafi tunani, galibi ciwon damuwa. A ƙasashe masu tasowa adadin masu jego yakan kai kusan mace 1 cikin 5. Likitoci sun kasa matsalar gida uku.

Ƙuncin kwanakin farko. Yakan zo tsakanin kwana 3 zuwa 5 da haihuwa. Mace takan yi kuka ba dalili, ta riƙa saurin fushi. Yakan wuce da kansa kafin mako 2, kuma ba ya bukatar magani sai hutu da lallashi.

Ciwon damuwa. Shi ne baƙin ciki mai nauyi da ya wuce mako 2, tare da rashin barci ko da jinjiri yana barci, rashin cin abinci, ganin laifin kai, da rashin sha'awar komai, har da jinjirin. A nan akwai abin lura ga iyaye da surukai. Al'adar kunyar ɗan fari takan sa a ɗauki shirun amarya da kau da kanta daga jinjiri a matsayin kawaici. Mai kunya tana cin abincinta, tana barci, tana shayarwa idan idon mutane ya ɗauke. Wadda ta daina waɗannan duka, ba kunya ke damun ta ba.

Rikicewar hankali. Wannan yakan sami mace 1 zuwa 2 cikin 1,000, galibi cikin mako 2 na farko. Mace takan yi sambatu, ta ji muryoyi, ta kwana ba barci, ko ta ce jinjirin ba nata ba ne. Lamari ne na gaggawa, kuma yawancin mata suna warkewa sarai idan an yi magani.

Dalilin waɗannan matsaloli yana cikin jiki. Lokacin ciki, sinadaran istirojin da furojestaron sukan ƙaru ninki-ba-ninki, da zarar mabiyiya ta fita kuma sai su faɗi cikin kwanaki kaɗan. Tare da su wani sinadari mai kwantar da ƙwaƙwalwa yake raguwa, kuma ƙwaƙwalwar wasu mata ta fi jin wannan faɗuwa. A kan wannan fahimta ce Amurka ta amince da ƙwayar zuranolon a watan Agusta na 2023, wadda ake sha kwana 14. Ban da sinadarai, rashin barci, ƙarancin jini, rasuwar jinjiri, rashin jituwa a gida, duka, da talauci duk suna ƙara haɗari.

Wajibi ne a sani cewa zazzaɓi mai zafi bayan haihuwa, da jijjiga, da zubar jini mai yawa su ma sukan gigita mace ta riƙa sambatu. Don haka kada a yanke hukuncin cewa iskoki ne ko sammu kafin an auna jininta da zafin jikinta a asibiti. Addu'a ba ta hana neman magani.

Magani ba sai a babban asibiti ba

Tun 1987 aka tsara wasu tambayoyi 10 a birnin Edinbara na Birtaniya domin tantance ciwon damuwa ga mai jego, kuma ma'aikaciyar jinya za ta iya yin su cikin 'yan mintoci. A Pakistan, wani bincike na 2008 ya nuna cewa ma'aikatan lafiya mata na ƙauye, idan an horar da su, suna iya rage ciwon ta hanyar zama da uwa su tattauna da ita bisa tsari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki wannan tsari a 2015. A Jihar Oyo ma, binciken Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da aka buga a 2019 ya nuna ma'aikatan ƙananan asibitoci suna iya kula da masu wannan ciwo, mafi yawansu kuma su warke. Akwai magungunan damuwa da mai shayarwa za ta iya sha bisa umarnin likita.

Har ila yau, a watan Janairu na 2023 aka sanya hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Dokar ta amince da haƙƙin mai taɓin hankali na samun magani cikin mutunci ba tare da wariya ba.

Alamomin da ke bukatar a garzaya asibiti

- Haki da sarƙewar numfashi, musamman idan an kwanta ko cikin dare.
- Kumburin ƙafafu, fuska ko ciki, da tari mai kumfa.
- Matsanancin ciwon kai, dishi-dishin gani, ko jijjiga.
- Zazzaɓi tare da jinin biƙi mai wari.
- Sambatu, ko kwana biyu ba barci ko kaɗan.
- Ƙin shayar da jinjiri, ko furta cewa gara mutuwa.

Idan mai jego ta yi zancen cutar da kanta ko jinjirinta, kada a bar ta ita kaɗai, kada a ɗaure ta, kada a doke ta. A miƙa jinjirin ga wata babba, a kai uwar asibiti a ranar.

Abin da ake bukata daga shugabanni da ma'aikata

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2022, ta nemi a duba uwa da jinjiri sau 4 bayan haihuwa: cikin awa 24 na farko, tsakanin kwana 2 zuwa 3, tsakanin kwana 7 zuwa 14, da kuma a mako na 6. Biyu na ƙarshe sun dace da ranar suna da cikar arba'in, don haka ba su da wuyar tunawa.

Ana kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni su ja hankalin magidanta da su bar izinin fita asibiti a bayansu idan za su yi tafiya, kuma kowace unguwa ta san direban da za a tasa cikin dare. Ungozomomi, da yake su ne suke shiga ɗakin mai jego kullum, a sanar da su alamomin da ke sama. Ma'aikatan ƙananan asibitoci kuma su riƙa auna jinin uwa duk lokacin da ta kawo jinjiri rigakafi, su tambaye ta barcinta da cin abincinta da halin da zuciyarta take ciki. Macen da aka taɓa samu da raunin zuciya kada ta sake ɗaukar ciki sai ta shawarci likita, domin ciwon yakan dawo da ƙarfi idan zuciyar ba ta gama warkewa ba.

Inda za a nemi taimako

Matakin farko shi ne asibitin kula da lafiya a matakin farko na mazaɓa. Daga nan akan tura mara lafiya zuwa Asibitin Tunawa da Manjo Ibrahim B. Abdullahi da ke Sabon Gari, ko Babban Asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan a birnin Zariya. Hoton zuciya da ganin ƙwararrun likitocin zuciya da na ƙwaƙwalwa ana samun su a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Akwai kuma Asibitin Ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ke Barnawa a garin Kaduna. A tafi da katin awo da duk magungunan da mai jego take sha, har da na gargajiya.