Yaron da Na Kira Mai Kunnen Ƙashi

Shekara ashirin da biyu na yi ina koyarwa a firamare, kuma har gobe akwai yaron da nake jin kunyar tunawa da shi. In mu biyu ne a ofis, ko raɗa na yi sai ya amsa. Da zarar mun shiga aji, fanka na kaɗawa, yara na hayaniya, sai ya zuba mini ido kamar ba Hausa nake yi ba. Na ce kunnen ƙashi ne, na sha zane shi. Mahaifiyarsa ta kai shi asibiti, aka ce kunnensa garau.

Sai da na yi ritaya na gano masana sun daɗe da sanin irinsa. A 1954 Helmer Myklebust na Amurka ya yi rubutu kan yaran da kunnensu ke ɗaukar sauti amma ƙwaƙwalwa ta kasa tace shi. A shekarar dai Ettore Bocca da abokan aikinsa a Italiya suka lura cewa masu ƙari a ƙwaƙwalwa kan ci gwajin ji, amma in aka dusashe magana, sai kunnen da ke ɗaya gefen ƙarin ya gaza.

Sai dai irin wannan gwaji duk a bakin majiyyaci ya rataya: me ka ji? Maimaita. To, yaron da ya gaji, ko tsoro ya kama shi fa? Dole aka nemi hanyar tambayar ƙwaƙwalwa kai tsaye.

Hans Berger, Bajamushe, shi ya fara naɗar wutar ƙwaƙwalwar ɗan Adam a 1924. A 1939 Pauline Davis ta nuna cewa wutar nan tana motsawa in an yi ƙara. Babban ci gaba ya zo a 1971, lokacin da Don Jewett da John Williston suka bayyana awon da asibitoci ke kira ABR. Ana manna 'yan wayoyi a goshi da bayan kunne, a saki sautin ƙas-ƙas, na'ura ta zana tafiyarsa daga jijiyar kunne zuwa gindin ƙwaƙwalwa, duk cikin kashi ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa. Jariri yana barcinsa ake yi masa. A 1978 kuma Risto Näätänen na Finlan ya nuna ƙwaƙwalwa na gane baƙon sauti cikin jerin masu kama ɗaya, ko da hankalin mutum na wani wuri. Daga baya Nina Kraus a Amurka ta riƙa amfani da gaɓar "da" maimakon ƙas-ƙas, don ganin yadda ƙwaƙwalwa ke karɓar magana.

Har yau awo ɗaya bai isa yanke hukunci ba, haɗawa ake yi da gwajin sauraro. Amma ni ya ishe ni hukunci: yaron nan ba shi da laifi. 'Yan uwana malamai, in kun ga irinsa ku dawo da shi layin gaba, ku yi magana dalla-dalla, ku ajiye bulala.