Jan Gicciye, Jinjirin Wata Da Macijin Asibiti

In kina tsakiyar girki ne, ki ɗan rage wutar ki matso, domin yau tarihi za mu taɓa, tarihin wasu alamomi da kike gani a jikin katin awo, da kwalin magani, da motar ɗaukar marasa lafiya.

Bari in gaya miki abin da ya sa na ɗauko wannan zance. Shekarun baya a unguwarmu, wata yarinya mai cikin fari naƙuda ta zo mata da gardama cikin dare. Ungozoma ta yi iya yinta, ta ce sai asibiti. Maigidan ba ya gari, ƙaninsa ya ruga ya samo motar asibiti. Da motar ta tsaya a ƙofar gida, surukar ta leƙo daga zaure ta ga jan gicciye a jikinta, sai ta ƙi kememe, ta ce ba za a sa matar ɗanta a motar coci ba. Aka yi kusan awa biyu ana neman wata motar. Uwar ta rayu, jaririn bai zo da rai ba. Ajali na Allah ne, ban ce jinkirin ne ya jawo ba. Amma har yau abin yana ci mini rai, don tsohuwar nan mutuniyar kirki ce, kishin addininta take yi, kuma ba wanda ya taɓa zama ya gaya mata daga ina alamar ta fito.

To ga inda ta fito. A ranar 24 ga Yuni, 1859, aka gwabza yaƙi a wani ƙauye mai suna Solferino a arewacin Italiya. Faransa da ƙawarta Sardiniya a gefe guda, Ostiriya a ɗaya gefen. Kafin dare ya yi, mutum wajen 40,000 suna kwance a fili, wasu sun mutu, wasu na kukan ruwa, likitoci kuwa ba su taka kara sun karya ba. A daidai lokacin wani ɗan kasuwa daga ƙasar Suwizalan, Henri Dunant, ya iso yankin yana neman ganin sarkin Faransa, Napoleon na III, kan wata harkar kasuwancinsa a Aljeriya. Abin da ya gani ya mantar da shi abin da ya kawo shi.

Kin san su wa suka tsaya masa? Mata ne, matan wani gari da ke kusa mai suna Castiglione. Su suka ɗebo ruwa, suka wanke raunuka, suka yayyaga tsummoki suka ɗaure, ba tare da sun tambayi wanda ke kwance ko na wane ɓangare ne ba. Cewa suke yi dukkansu 'yan'uwa ne. Duk sanda na tuna wannan sai in ji daɗi, in ce ashe babbar ƙungiyar agajin nan da hannun matan gida ta fara.

Dunant ya koma Janiba, ya rubuta littafi a 1862 kan abin da idonsa ya gani. A 1863 shi da mutum huɗu suka kafa kwamiti, a 1864 kuma ƙasashe 12 suka sa hannu a yarjejeniyar cewa ba za a harbi majinyaci ko mai jinyarsa a fagen fama ba. Amma yaya soja zai gane mai jinya daga nesa, cikin hayaƙi da ƙura? Dole a sami alama guda mai sauƙi, wadda ko a kan farin ƙyalle za a iya zana ta cikin gaggawa. Sai aka zaɓi jan gicciye a kan fari. Tutar Suwizalan ja ce da farin gicciye a tsakiya, kin ga juya ta aka yi ke nan, kuma yarjejeniyar 1906 ta rubuta ƙarara cewa an yi haka ne don girmama ƙasar. Shi Dunant ɗin, bawan Allah, jarinsa ya karye, ya yi shekaru cikin talauci an manta da shi, kafin a 1901 a ba shi kyautar zaman lafiya ta Nobel ta farko tare da wani Bafaranshe.

Sai dai a yi wa tsohuwar unguwarmu adalci, ba ita ta fara jin wani iri ba. Gicciyen da ke tutar Suwizalan asalinsa na Kirista ne, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. A 1876, ana shirin yaƙi da Rasha, Daular Usmaniyya ta Turkawa (kar ki haɗa ta da tamu ta Shehu Ɗanfodiyo, suna ne ya zo ɗaya) ta sanar cewa sojojinta Musulmi ba sa jin daɗin alamar, don haka masu jinyarta za su ɗaga jan jinjirin wata. Amma ki lura da abin da suka yi. Ba su fice daga yarjejeniyar ba, sun ce za su ci gaba da mutunta jan gicciye a jikin motocin jinyar abokan gaba. Aikin suka riƙe, zanen suka canza. A 1929 aka amince da jan jinjirin wata a hukumance, tare da jan zaki da rana na ƙasar Farisa, wanda Iran ta ajiye a 1980 ta koma jinjirin wata. A 2005 aka ƙara wata alamar, jan murabba'i mai tsaye a kan kusurwarsa, don ƙasar da ba ta son ko ɗaya daga cikin biyun.

Yau ƙasashe fiye da 30 ne ke amfani da jan jinjirin wata. Hajiya, in kin je Makka kin gan shi a jikin motocin da ke ɗaukar alhazan da rana ta buge a Mina da Arfa. Haka a Sudan. Nijeriya da Nijar kuwa jan gicciye suke amfani da shi, ƙungiyar Red Cross ta Nijeriya da dokar 1960 aka kafa ta, kuma Musulmi da yawa na cikinta. Duk gida ɗaya ne, tarayyarsu ɗaya mai hedikwata a Janiba. Mutanen Maraɗi da Damagaram kuma sun saba da koren gicciye a ƙofar kantin magani, al'adar da aka gada daga Faransa.

Yanzu ga abin da na san zai ba ki mamaki, ni ma ya ba ni. Shi kansa jinjirin watan da tauraro, da muke gani a kan hasumiyar masallaci da katin barka da salla, ba daga zamanin Manzon Allah (SAW) ya taso ba. Abin da ya zo a ruwayoyi shi ne tutocinsa baƙa ce da fara. Banu Umayya farar tuta suka riƙe, Abbasiyawa baƙa. Jinjirin wata da tauraro sun girmi wannan zamanin nesa ba kusa ba. A ƙasar da ake kira Iraƙi yanzu, mutanen dauri sun sassaƙa su a duwatsu dubban shekaru da suka wuce, suna nufin gumakansu na wata da na tauraruwar Zara. An buga su a jikin kuɗin birnin Bizantiya tun kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an kuma buga su a kuɗin sarakunan Farisa. Bizantiya ɗin nan ita ce ta zama Ƙustantiniyya, wadda Turkawa suka ci a 1453, ita ce Santambul ta yau. Turkawa suka yawaita amfani da alamar, har a 1844 ta tabbata a jar tutar daularsu. Da yake su ne babbar daular Musulmi a idon duniya na ɗaruruwan shekaru, sai Turawa da Musulmi duka suka saba da kallon ta a matsayin alamar Musulunci. Shi ya sa take a tutar Pakistan da Aljeriya da Tunisiya da Muritaniya. Amma duba tutar Saudiyya, kalmar shahada ce da takobi. Indunusiya mai Musulmi sama da miliyan 200, tutarta ja da fari ce kawai.

Kar ki ji haka ki je ki kankare jinjirin watan da ke jikin agogon bangonki. Muna da tamu alaƙar da wata wadda ba ta bi ta kan gumakan kowa ba: da shi muke ɗaukar azumi, da shi muke ajiyewa, da shi mace ke lissafin idda da watannin cikinta. Hukuncin sa shi a masallaci kuwa fagen malamai ne, a tambaye su. Ni tarihi na kawo.

Saura macijin. Kin taɓa lura da maciji ya nannaɗe sanda a tambarin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ake bugawa a takardun rigakafi? Wata ƙawata ta ce ita dai ba ta gane abin da ya haɗa maciji da neman lafiya ba. Daga Girka ya fito. Girkawan dauri suna da gunkin warkarwa mai suna Askilifiyos, ana zana shi riƙe da sanda da maciji a nannaɗe, marasa lafiya kuma na zuwa su kwana a ɗakin bautarsa na Epidaurus. An ce saɓar da maciji ke yi ya fito sabo fil ita ta sa suka ɗauke shi alamar warkewa. Bautar ta mutu tuntuni, zanen ya rage a hannun likitoci, hukumar da aka kafa a 1948 ta ɗauka. Akwai kuma mai macizai biyu da fukafukai, wannan sandar wani gunkin ne daban, na fatake da 'yan aike. Sashen likitocin sojan Amurka ne ya ɗauke ta a 1902, ta yaɗu daga nan, har yanzu masana na yi musu dariyar sun ɗauki sandar 'yan kasuwa.

Wasu masana kuma suna da wani ra'ayin da na fi jin daɗinsa, ko da yake hasashe ne. Sun ce ba mamaki asalin zanen kurkunu ne. Iyayenmu da suka tashi a ƙauye sun san yadda ake yi da shi: in ya ɓullo a ƙafa, a sami tsinke a riƙa naɗe shi kaɗan-kaɗan kullum, a yi makonni ana lallaɓawa, don in ya tsinke a ciki an shiga uku. Tsutsa a nannaɗe jikin tsinke, ki kwatanta da wancan zanen ki gani. A ƙidayar 1988 zuwa 1989 an sami masu kurkunu sama da 650,000 a Nijeriya. Da tace ruwan sha da ƙyalle, aikin da mata suka fi kowa yi, da haƙa rijiyoyin burtsatse, aka ga bayansa, har a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Nijeriya da Nijar sun rabu da shi. Yaranmu na yanzu ko sunansa wasu ba su sani ba.

Yarinyar nan ta unguwarmu ta sake haihuwa bayan shekara biyu, a asibiti, kuma surukar ce da kanta ta riƙe mata kwandon kaya. Lokaci ya cimma mana, uwargida, je ki duba tukunyarki. A gaida maigida da yara, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.