Mai Kallo da Alƙalin Talabijin: Tarihin Kallon Wasan Laifi da Shari'a a Ƙasar Madobi

Madobi gari ne a kudu da birnin Kano, bisa hanyar jirgin ƙasa wadda ta taso ta Zariya ta iso Kano a cikin shekarar 1911. Yana maƙwabtaka da Kura, Bunkure kuwa tana gaba kaɗan, watau dai yana bakin ƙasar nan da ruwan Tiga ya mayar wurin noman rani. Mutanensa manoma ne, kuma kamar sauran manoman Kano suna da sha'awar shari'a ƙwarai, ko ta gaske ko ta wasa. In aka nuna wasan da aka yi sata ko kisankai a ciki, mai kallo ba ya zama shiru. Yakan gargaɗi wanda za a cuta tun ɓarawo bai haura katanga ba, ya ƙaryata mai shaidar zur, in hukunci bai gamshe shi ba kuwa gobe da safe sai an sake shari'ar a teburin mai shayi. Waɗansu masu ilmin zamani sukan ɗauki wannan ƙauyanci ne. Amma wanda ya bi asalin al'amarin zai tarar hali ne mai tarihi, ya kuwa girmi talabijin nesa ba kusa ba.

Tun kafin zuwan akwatin hoto, ƙauyukan Hausa suna da wasan kalankuwa, wanda samari da 'yammata kan yi da kaka bayan an kawar da amfanin gona. A cikinsa akan naɗa sarki da alƙali da dogarai, da zamanin Turawa ya zo kuma aka ƙara da gwamna da Di'o da likita. Akan kamo wani a ce ya yi laifi, a gurfanar da shi, a ci shi tara, jama'a na kewaye suna dariya suna sa baki. Babu labule tsakanin mai wasa da mai kallo, gama wanda ke kallo yanzu shi za a iya kamowa an jima. Haka kuma tatsuniya take: ba ta farawa sai masu sauraro sun amsa, in Gizo ya yi ha'inci kuwa yara sukan tofa albarkacin bakinsu nan take. Mutumin da ya tashi a kan wannan, in an ajiye masa akwati mai magana, da wuya ya kame bakinsa.

Hoto mai motsi ya fara shiga irin waɗannan garuruwa ta hanyar majigi. Kalmar daga Turanci aka aro ta, daga sunan wata fitila mai haska hoto a bango. Motar En'e ko ta gwamnati takan zo da yamma, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a nuna hoton noman gyada ko auduga ko tsabta. Abin lura a nan shi ne tare da motar akwai mai bayani, yana tsaye yana fassara yana ƙara gishiri, jama'a suna amsa masa. Ashe darasin farko da mutumin karkara ya koya game da hoto shi ne abu ne da ake magana a kansa yana cikin tafiya. Gidajen silima na birni, irin su Rex da aka buɗe a Kano a 1937, ba su shafi manomi sosai ba, mutanen kirki ma ƙyamarsu suke yi, balle bayan gobarar silimar El Duniya ta 1951 wadda ta ci rayuka fiye da 300.

Littattafai da rediyo su ma sun yi nasu aikin. Jiki Magayi, wanda John Tafida da Rupert East suka rubuta a cikin shekarun 1930, labari ne na ƙeta da sata da kisankai, amma babu ɗan sandan ciki mai bin sawu a cikinsa. Mai karatu ya san wanda ya ƙulla sharrin tun daga farko, abin da yake jira kawai ya ga yadda alhaki zai kama mai shi. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi kuma, Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, a rediyo aka fara jinsu kafin a buga su, na biyun kuwa har gaban alƙali ya kai. Wannan shi ne ƙirar da kunnen Bahaushe ya saba da ita.

A daidai lokacin nan kuwa shari'ar gaske tana sauya kama. A 1958 Gwamnatin Jihar Arewa ta kira masana shari'a su duba dokokinta, aka tsara sabon kundin hukuncin laifuffuka bisa samfurin na ƙasar Sudan, ya fara aiki a 1960. Bayan sojoji sun karɓi mulki, dokar 1967 ta rushe kotunan sarakuna, ta fid da kotunan alƙalai daga hannun En'e ta mai da su hannun gwamnati, ba da daɗewa ba kuma aka narkar da 'yan doka cikin 'yan sandan Nijeriya. Cikin shekara goma talakan Madobi ya wayi gari ɗan dokan da ya san ubansa ya tafi, an kawo ɗan sanda wanda watakila ko Hausa ba ya ji sosai. Alƙali kaɗai ya rage daga cikin tsofaffin fuskoki, yana zaune da rawaninsa da muhutinsa da littattafan Malikiyya.

Talabijin ya fara a Ibadan a 1959, ya iso Kaduna a 1962, amma ya daɗe bai wuce gidajen manyan ma'aikata ba. Kano ta sami tasharta a tsakiyar shekarun 1970, a 1977 kuma aka haɗa tashoshin ƙasar duka ƙarƙashin hukuma guda, watau NTA. Sa'an nan gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi, wadda ta hau a 1979, ta kafa tashar jiha, CTV 67, wadda daga baya aka sa mata sunansa, ta kuma ba da ƙarfi wajen kai lantarki da wuraren kallo na jama'a cikin karkara. Wannan ya zo daidai da wani babban canji a kudancin Kano. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka ja magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, a 1976 kuma aka kafa Hukumar Kogin Haɗeja da Jama'are wadda ta riƙe aikin. Manomin da dā yakan tafi cin rani in damina ta wuce, yanzu ya zauna gida yana noma alkama da tumatir da shinkafa. Kuɗi ya shigo da rani, aka sayi rediyo da babur, mai hali ya sayi talabijin ya fito da shi ƙofar gida da dare.

Amma ruwan bai zo da kuɗi kaɗai ba. Da aka zo shirya filayen, an karɓi gonaki an baje su an sake rabawa, tsofaffin iyakoki da kowa ya sani, kuka ko tsamiya ko jerin gamba, suka ɓace. Aka shiga jingina da haya da sayar da gona fiye da dā, ga rigimar wanda ke bakin magudana da wanda ke ƙarshenta a kan ruwa, ga ta manomi da makiyayi tun da fadamar da shanu kan sha da rani ta zama lambu. Mutanen da suka zauna gaban talabijin a wannan ƙasa a shekarun 1980, da yawansu sun taɓa tsayawa gaban alƙali, ko a kan kansu ko shaida.

To, a kan irin waɗannan mutane ne wasan Ƙuliya Manta Sabo ya faɗo. Wasa ne na talabijin na Kano wanda aka gina a kan zauren alƙali, Alhaji Daudu Galadanci kuwa shi ya fito a alƙalin, har sunan Ƙuliya ya bi shi. Sunan wasan kirarin alƙali ne, ma'anarsa kuwa in ya hau buzun shari'a ba ya sanin aboki ko ɗan'uwa. Tsarinsa mai sauƙi ne: a ga yadda rigima ta tashi a gida ko kasuwa, a kawo ƙara, a saurari kowa, a yanke hukunci.

Abin da mai kallo ke bi da ido a irin wannan wasa ya kamata a tsaya a kansa, domin nan ne bambancin yake. Ba ya wahalar da kansa wajen gano mai laifi, ya riga ya gan shi. Hankalinsa na kan hanya. Ya san a shari'ar Musulunci hujja tana kan mai ƙara, rantsuwa tana kan wanda ya musa. Ya san ba a karɓar shaidar wanda zai ci riba da ita, ko ta maƙiyi a kan maƙiyinsa. Ya san kafin hukunci sai an yi i'izari, watau alƙali ya tambayi wanda zai kayar ko yana da sauran magana. Ba a makaranta ya koyi waɗannan ba, a zaure ya gani. Saboda haka in alƙalin wasa ya tsallake ɗaya, nan da nan za a ji wani dattijo daga baya ya ce ba haka ake yi ba. In an kawo Alƙur'ani za a rantsar da maƙaryaci kuwa sai wuri ya yi tsit, gama kowa ya gaskata rantsuwar ƙarya ba ta barin mai ita, ko da a wasa ne sai gaba ya faɗi. Wanda ya taɓa faɗuwa a shari'ar gona don abokin gabarsa ya fi shi hannu da shuni, in ya ga alƙalin akwati ya ƙi karɓar toshiya, daɗin da yake ji ya wuce na wasa.

Labarin laifi na Turawa wata hanya ya bi. Tun daga Sherlock Holmes, wanda Conan Doyle ya fito da shi a 1887, gwarzon labari shi ne mai bincike, daɗin kuwa yana cikin ɓoye mai laifi har ƙarshe. Sawun ƙafa da tokar taba su ke magana, kotu sau da yawa ba a ma kai gare ta. Akwai dai waɗanda suka saɓa, kamar wasan Columbo na Amurka, inda ake nuna kisan da wanda ya yi shi tun da fari, wannan kuwa ya fi kusa da ɗanɗanon Bahaushe. Dalilin da ya sa ɗan sanda bai zama gwarzo a wasan Hausa na wancan zamani ba a fili yake: talaka bai san shi da bincike ba, ya san shi da kamu. Soja ma ya riga shi samun shiga, ta hanyar Samanja na Usman Baba Pategi a Kaduna, shi ma da ban dariya ya shiga.

Harshe ya adana wannan tarihi. Alƙali da shari'a da shaida da hukunci duk kalmomin Larabci ne da suka daɗe har suka zama 'yan gida. Kotu da lauya da beli da caji ofis kuwa baƙi ne na Turanci, suna kuma tafe da ƙamshin tsoro da kashe kuɗi. Ɗan doka da ɗan sanda Hausa ce tsantsa, amma a duba abin da aka jingina kowannensu da shi: na farko da doka, na biyu da abin duka.

Akan ce mutanen ƙauye ba su rarrabe wasa da gaskiya, hujja kuwa ita ce 'yan wasan da ke fitowa a mugaye sukan ba da labarin yadda ake zaginsu a kasuwa. Zancen zagin gaskiya ne, amma fassarar ba ta tsaya ba. Mutumin da ya yi alƙalin kalankuwa yana saurayi ya san mene ne kwaikwayo sarai. Abin da bai yarda da shi ba shi ne a ce don abu wasa ne sai a daina auna shi da mizanin kirki. Zagin da yake yi rabinsa yabo ne ga gwanintar ɗan wasan, rabinsa kuwa shaida ce yake bayarwa gaban jama'a cewa shi ba ya tare da wannan hali.

Daga 1990, shekarar da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset, wasan Hausa ya fara fita daga hannun gidajen talabijin na gwamnati ya koma kasuwa. Soyayya da waƙa suka rinjaya, zauren alƙali ya ja baya. A 2000 Jihar Kano ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a kan laifuffuka, a 2001 ta kafa Hukumar Tace Finafinai. Tashar Arewa24 ta buɗe a 2014 ta komo da wasa mai dogon zango, daga nan kuma aka shiga sakin irinsa a YouTube mako mako. Laifi ya komo cikin wasa, amma da wata fuska. A shiri kamar A Duniya, wanda Tijjani Asase ya yi fice a ciki, 'yan daba ne a tsakiyar fage, da saransu da kirarinsu, hukunci kuwa yakan yi nisa tun da labarin ba ya ƙarewa a dare guda.

Nan ne gardama ta tashi. Dattijan da suka saba ganin an kama mai laifi kafin a rufe tasha suka ce wannan koyar da ɓarna ne, domin yaro yakan kwana bakwai yana sha'awar ɗan daba kafin ya ga abin da ya same shi, in ma ya gani. Masu shiryawa suka ce abin da ke faruwa a unguwanni suke nunawa don a farga. A watan Satumba na 1921 babu wanda zai yi mafarkin irin wannan muhawara, amma a Satumba na 2021 Hukumar Tace Finafinai, ƙarƙashin Isma'ila Na'abba Afakallah, ta hana nuna garkuwa da mutane da shan ƙwaya da ƙwacen waya a finafinan Kano.

Kowane ɓangare yana da abin kamawa, sai dai akwai abu guda da gardamar ta tsallake, shi ne wurin kallon. A dandalin majigi da ƙofar gidan mai talabijin, yaro yana kallo ne dattijo na bayansa, in mugu ya yi abin burgewa akwai bakin da zai rage masa armashi nan take. A gidan kallo na kuɗi mai injin janareto dattijo ya daina zuwa, samari suka rage su kaɗai. Yanzu kuwa saurayin da ke gadin injin ban ruwa a lambun tumatir yakan biya mai tura finafinai a kasuwa ya zuba masa kashi goma a waya, ya sa abin ji a kunne, ya kalle su a bukka shi kaɗai har asuba.