Tarihin Ziyarar Tsibiran Lofoten

Lofoten jerin tsibirai ne a gaɓar arewacin Norway, cikin lardin Nordland, kuma mazaunansu sun kai kimanin dubu 24. Masunta ne baƙinsu na farko. Kowace shekara, daga Janairu zuwa Afrilu, kifin da mutanen ƙasar ke kira skrei yakan gangaro daga tekun Barents domin ya saki ƙwai a nan, su kuma masunta su biyo shi daga nesa cikin ƙananan jirage. Wajen shekarar 1120 Sarki Øystein ya sa aka gina musu ɗakunan kwana a Vågan, waɗanda ake kira rorbu. A ƙarshen ƙarni na 19 yawan masuntan da ke taruwa a lokacin kamun yakan kai dubu 30.

Ba a sa wa kifin gishiri. Rataye shi ake yi a kan katakai, iskar sanyi ta busar da shi har ya yi tauri kamar icce. A 1432 wani ɗan kasuwar Venis, Pietro Querini, ya tsira a tsibirin Røst bayan jirginsa ya lalace, ya koma gida da wannan busasshen kifi, kuma har yau Italiya ce babbar mai saye. Kawunan kifin kuwa galibi Nijeriya ake kai su, inda ake zuba su a miya, musamman a kudu.

Masu zuwa don kallo sun fara yawaita bayan 1893, lokacin da jiragen ruwa na Hurtigruten suka soma tsayawa a Svolvær. Masu zane sun riga su, sun baza hotunan duwatsun da ke tashi tsaye daga cikin teku. Da injuna suka shiga jirage, masunta suka koma kwana a cikinsu, sai jajayen ɗakunan rorbu suka zama kufai, har masu su suka gyara su suka soma ba baƙi haya. Ƙauyuka irin su Reine da Henningsvær da Nusfjord sun yi suna ta wannan hanya. A 2007 aka buɗe hanyar Lofast, wadda ta haɗa tsibiran da babban yankin ƙasar ba tare da hawa jirgin fito ba.

Daga nan ne cunkoson ya taso. Wasu na zuwa ganin ranar da ba ta faɗuwa daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuli, wasu kuma hasken da ke wasa a sama lokacin hunturu. Dokar ƙasar ta 1957 ta ba kowa izinin yawo da kafa tanti a dajin da ba a noma, abin da ya dace da 'yan tsiraru amma ya yi wa ƙananan ƙauyuka nauyi. Sawun masu hawa dutsen Reinebringen ya zaizaye shi har sai da aka ɗauko 'yan ƙabilar Sherpa daga Nepal suka shimfiɗa masa matakala na dutse. A 2018 aka ayyana yankin Lofotodden a matsayin gandun da gwamnati ke karewa.