Auna Karkatar Gwiwa a Hoton Ƙashi: Nazari Daga Fadamar Hadejia

Manomin shinkafa a Auyo ko masunci a bakin Kogin Hadejia yana shafe shekaru a sunkuye, ga tsuguno, ga dako a cikin laka. In girma ya zo, gwiwa ta fara ƙara, zaman tahiya ya gagara, sai a ce sanyin ƙashi ne. Sau da yawa abin da ke faruwa shi ne guringuntsin gaɓar ya cinye, kuma ba daidai yake cinyewa ba. Ɓangaren ciki na gwiwa shi ke ɗaukar wajen kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na nauyi ko a miƙaƙƙiyar ƙafa, balle mai ƙafar baka.

Tsarin Kellgren da Lawrence na 1957 na duba hoton ƙashi, mai mataki 0 zuwa 4, yana faɗar yawan ɓarnar da ta riga ta auku. Inda cutar ta dosa kuwa, sai an auna karkata. Ana jan layi daga tsakiyar kan ƙashin cinya zuwa tsakiyar gwiwa, a ja wani daga nan zuwa tsakiyar idon sawu. Kusurwar da ta kai digiri 180 ita ce ƙafa miƙe. Binciken Leena Sharma da abokan aikinta a Amurka, a 2001, ya nuna ƙafar baka na ninka haɗarin ci gaban lalacewar ɓangaren ciki kusan sau 4, gwame kuma na waje kusan sau 5.

Matsalar tana ga yadda ake ɗaukar hoton. Gajeren hoton gwiwa ba ya nuna ƙugu, sai dai a bi gorar ƙashin cinya, wadda ta kauce wa layin nauyi, wato na ƙugu zuwa gwiwa, da kimanin digiri 6, kuma tazarar ta bambanta daga mutum zuwa mutum. Hoton da aka ɗauka majiyyaci na kwance ya fi yaudara: ba nauyi a kan gaɓar, tazarar ƙasusuwan sai ta buɗe, a ga kamar da sauran guringuntsi. Ko juya ƙafar kaɗan yakan sauya lissafi.

A ganina, kafin a tura dattijo daga Hadejia zuwa Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, da kuɗin mota da na masauki, a tsayar da shi a kan ƙafafunsa, ƙoƙon gwiwa na kallon gaba, a ɗauki hoton. In da hali, a ɗauka tun daga ƙugu har idon sawu.