Yadda Maganin Zazzaɓi Ya Zama Maganin Zuciya

Zuciyar baligi mai lafiya, in yana zaune, takan buga sau 60 zuwa 100 cikin minti ɗaya, bugu yana bin bugu daidai wa daida, kamar luguden matan da suka iya daka. Ɗaki huɗu gare ta, biyu sama, biyu ƙasa. Na sama su ke karɓar jini su miƙa wa na ƙasa, na ƙasa kuwa su harba shi zuwa huhu da sauran jiki. Abin da ke ba su umurni wani ɗan lantarki ne da ke tasowa a ɗakin sama na dama. To, akwai wata cuta da kan watsa wannan tsari. Sai ɗakunan sama su bar matsawa, su shiga karkarwa kurum, na ƙasa su riƙa bugu barkatai, wani da sauri, wani da jinkiri. Mai ita yakan ji gabansa yana faɗuwa, ya gaji da wuri, numfashi ya gaza masa. Wani kuwa ba ya jin kome, sai an taɓa jijiyar hannunsa a gane. Ta fi kama tsofaffi, da masu hawan jini, da waɗanda ƙofofin zuciyarsu suka lalace.

Tun shekara ta 1785 likitocin Ingila sun san wani ganye mai suna dijitalis wanda kan rage saurin bugun, amma ba ya daidaita shi. Maganin da ya fara iya daidaita shi, daga itacen kwinin ya fito.

Sunan itacen sinkona, asalinsa kuwa duwatsun Amurka ta Kudu ne, wajen ƙasar Peru. Turawa suka kai ɓawonsa ƙasarsu kusan shekara ɗari huɗu da suka wuce, suna dakawa suna sha don zazzaɓin cizon sauro. A shekara ta 1820 waɗansu masana biyu na Faransa, Pelletier da Caventou, suka tace ainihin abin da ke aiki cikin ɓawon, watau kwinin. Kogin Kwara ma ya shaida ƙarfinsa. Turawan da suka hau kogin a 1841 zazzaɓi ya kashe da yawa daga cikinsu. Amma da Likita Baikie ya hau Kwara da Binuwai a 1854, yana ba mutanensa kwinin kullum, ko mutum ɗaya bai rasa ba.

Wani likitan Faransa, Senac, ya rubuta tun 1749 cewa ɓawon nan yana kwantar da faɗuwar gaba mai taurin kai. Ba a kula da maganarsa ba, aka manta da ita fiye da shekara 150.

Wanda ya tono ta kuwa ba likita ba ne, ɗan kasuwa ne. A shekara ta 1912 wani attajiri mutumin Holan ya je wurin Likita Wenckebach, wanda a zamanin nan kaɗan ne suka kai shi sanin bugun zuciya duk ƙasar Turai. Ya ce karkarwar nan takan taso masa lokaci lokaci, yana so a raba shi da ita. Likita ya gaya masa gaskiya, ya ce ba shi da maganin da zai tsayar da ita. Attajiri ya ce ai shi yana da shi. Likita bai yarda ba. Mutumin ya yi alkawari zai komo da safe da zuciyarsa daidai, ya tafi. Gari ya waye, sai ga shi. Likita ya kama hannunsa, ya ji jijiya tana bugawa sumul. Ashe mutumin ya yi fatauci a ƙasashen zafi inda a ke shan kwinin don zazzaɓi, ya lura in ya sha giram ɗaya, kafin rabin sa'a zuciyarsa ta koma daidai.

Abin yabo ga Wenckebach shi ne bai raina maganar wanda bai yi karatun likita ba, bai kuma ɗauke ta da ka ya tafi ba. Ya gwada kwinin ga waɗansu majinyata, ya ga kaɗan ne ya yi wa aiki, ya rubuta haka a littafinsa na 1914. A 1918 wani likita, Walter Frey, ya gwada magungunan da a ke samu cikin ɓawon ɗaya bayan ɗaya, ya tarar akwai wani ɗan'uwan kwinin mai suna kwinidin wanda ya fi shi ƙarfi ga zuciya. Daga nan kwinidin ya zama babban maganin wannan cuta, ya yi shekaru fiye da hamsin yana sarauta.

Tun da wuri an lura waɗansu masu shansa sukan faɗi sumamme, wani ma ba ya tashi. A 1964 likitoci biyu na Amurka, Selzer da Wray, suka nuna dalili da na'urar da ke zana bugun zuciya a takarda: maganin da kansa ne ke rikita ɗakunan ƙasa, rikicin da ya fi na sama mugunta nesa ba kusa ba, domin in na ƙasa suka rikice jini ya tsaya ke nan. Duk da haka aka ci gaba da ba da shi. Likita yana ganin majinyacinsa ɗaya ɗaya ne. Wanda ya warke ya komo ya yi godiya, wanda ya mutu a gida kuwa a ce ciwon zuciyarsa ne ya kashe shi.

Ƙidaya ce ta tona asiri. A 1990 waɗansu masana na Amurka suka tattara gwaji shida da aka yi a kan mutum 808, waɗansu an ba su kwinidin, waɗansu ba a ba su ba. Bayan shekara guda, rabin masu shan maganin zuciyarsu tana nan daidai, ga marasa sha kuwa ɗaya cikin huɗu ne kaɗai. Lalle magani yana aiki. Amma cikin masu sha kusan 3 cikin 100 suka mutu, cikin marasa sha ko 1 cikin 100 bai cika ba. Shekara guda kafin wannan, an yi wani gwaji mai ban tsoro da waɗansu sababbin magunguna biyu, ga mutanen da jijiyar zuciyarsu ta taɓa toshewa, aka bar su da bugu mai tsallake. Magungunan sun gyara bugun sarai. Amma cikin mutum 730 da suka sha, 56 suka mutu. Cikin 725 da aka ba ƙwayar da babu magani cikinta, 22. Nan da nan aka tsayar da ba da su cikin gwajin.

Sai hankali ya koma ga inda haɗarin karkarwar ya fi yawa. In ɗakin sama na hagu ba ya matsawa, jini kan kwanta a wani lungu nasa ya daskare. Ran da gudan jinin ya ɓalle ya bi jijiya ya toshe ta cikin ƙwaƙwalwa, sai ɓarin jiki ya shanye. Mai wannan cuta ya fi wanda ba shi da ita shiga wannan haɗari wajen sau biyar. Abin da ke tsare shi kuwa ba ya taɓa bugun ko kaɗan, jini ya ke hana wa daskarewa. Sunansa warfarin, an fara sayar da shi ne a 1948 don kashe ɓeraye, kafin a yarda mutane su sha a 1954. Yana rage shanyewar ɓarin jiki wajen kashi biyu cikin uku, sai dai dole a riƙa auna jinin mai sha, don in ya yi yawa yakan jawo zubar jini. Tun wajen 2010 an sami waɗansu da ba su bukatar yawan awo. Amma ga wanda zazzaɓin gaɓoɓi na ƙuruciya ya ƙuntata wa ƙofar zuciya, abin da ya ke da yawa a Afirka, wani babban gwaji na 2022 ya nuna warfarin ɗin ne har yanzu ya fi.

Ba a bar neman daidaita bugun ba, hanya ce ta sake. Tun 1962 Likita Lown na Amurka ya nuna a kan iya sa mutum barci a girgiza zuciyarsa da lantarki sau ɗaya ta koma daidai. A 1998 kuma likitocin birnin Bordeaux na Faransa suka gane yawancin tartsatsin da ke ta da karkarwar daga bakin jijiyoyin da ke kawo jini daga huhu ya ke fitowa. Yanzu sukan zura siririyar waya ta jijiyar cinya har zuciya, su ƙona kewayen wurin ko su daskarar da shi da sanyi.

Kwinin ya sauka daga matsayinsa ko a wajen zazzaɓi, magungunan atemisinin sun gaje shi. Ba kuwa abin da mutum zai sha da kansa ba ne don faɗuwar gaba, gama shi ma yakan rikita zuciya in ya yi yawa. Kwinidin kuma sai ga waɗansu cututtukan zuciya na gado, waɗanda ba a cika gani ba, likitoci ke nemansa, a ƙasashe da yawa ma da ƙyar a ke samunsa a kantin magani.