Sayarwa da Arha, Saye da Tsada: Yadda Gidajen Manoma ke Jure Matsi a Ƙasar Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta duba dabarun da gidajen manoma a arewacin Najeriya da kudancin Nijar suke bi idan matsi ya zo. Ta dogara da binciken da aka wallafa kan ƙauyukan Batagarawa da Kaita da Dagaceri da Marmara, da abin da ya faru a Maraɗi a 2005, da halin da aka shiga a Najeriya daga 2023. Hujjar da take kafawa ita ce, abin da ya fi raba gidan da zai farfaɗo da wanda zai durƙushe shi ne ko akwai abinci a rumbu a makonnin noman firi da maimai, har maigida ya iya tsayawa a gonarsa.

1.0 Gabatarwa

Manomin ƙasar Hausa damina ɗaya gare shi a shekara, kuma ba ta wuce wata uku zuwa biyar, gwargwadon yadda aka nausa arewa. Abin da ya shiga rumbu da kaka shi za a ci har wata kakar, kuma daga cikinsa za a yi biki da suna, a biya bashi, a sayi taki. Shi ya sa farashin hatsi yake da tafiyar da kowa ya sani. Yakan faɗi daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da kowa ke kai nasa kasuwa, sannan ya yi ta hawa har ya ƙure a Yuli da Agusta, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, sabon gero kuma bai nuna ba. Talakan manomi yakan shiga kasuwa sau biyu da hatsi iri ɗaya: ya sayar da kaka da arha, ya dawo da damina ya saya da tsada.

Manyan yunwoyi sun bar sunayensu a bakin tsofaffi, irin su Kakalaba ta 1914 da 'Yar Gusau ta 1942 da Muda ta 1954, sai farin 1972 zuwa 1974. Amma matsin da wannan maƙala ta fi damuwa da shi shi ne na kowace shekara, wanda ba a raɗa masa suna.

2.0 Waiwayen Ayyukan Magabata

Polly Hill (1972) ta zauna a Batagarawa, kusa da Katsina, ta nuna cewa ƙauyen da baƙo zai ɗauka kowa daidai yake da kowa, a ciki akwai rata mai faɗi. Ta tarar da magidantan da talauci ya kai su har ya hana su noma, alhali ga gona. Michael Watts (1983) ya yi aikinsa a Kaita, ya danganta yunwa da harajin Turawan mulkin mallaka da noman gyaɗa na sayarwa, waɗanda suka raunana tsohon tsarin taimakon juna. Michael Mortimore (1989) ya bi ƙauyen Dagaceri, a Jigawa ta yau, shekaru masu yawa bayan farin 1973, ya fi mai da hankali ga basirar manoma wajen sauya iri da sana'a. Shi kuwa Paul Clough (2014), daga bincikensa a Marmara ta wajen Malumfashi, ya nuna cewa manyan manoma 'yan kasuwa suna tara dukiya ne a cikin wani zare na bashi da amana da nauyin iyali.

Watts da Mortimore ana yawan kallonsu a matsayin masu saɓani, ɗaya yana ganin zalunci, ɗaya yana ganin dabara. A ganin wannan maƙala, tsani ɗaya suke kallo, Mortimore yana duban matakalan sama, Watts yana duban na ƙasa.

3.0 Jerin Matakan da Gida ke Bi

Gida ba ya fara sayar da gona. Watts ya nuna cewa ana bin matakai ne daki-daki, ana fara da wanda za a iya warwarewa daga baya. Da farko a rage awo. Tuwon dare ya zama shi ne babban abinci, da rana a sha kunu ko a yi kwaɗon rama da tafasa da zogale da yaɗiya. A yankin Maraɗi da Damagaram ana komawa ga 'ya'yan anza, waɗanda sai an jiƙa su kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacinsu ya fita. Daga nan a nemi rance wajen dangi, samari su tafi ƙwadago, a kai akuya ko tunkiya kasuwa. In abin ya ci tura sai a shiga falle, wato a karɓi kuɗi ko hatsi da damina a kan za a biya da hatsi da kaka, a farashin da mai bayarwa ya yanka. Bayan falle sai sayar da kayan ɗaki, sai jinginar gona, sai sayar da ita, sai tashi ɗungurungum.

Cin rani yana da nasa matsayi daban. Ba kullum alamar wahala ba ne, domin tsohuwar al'ada ce: matasa su tafi Kano ko Legas ko Abuja bayan an gama kaka, su yi ga-ruwa ko dako ko acaba. Amfaninsa biyu ne. Akwai ɗan abin da za su aiko, akwai kuma hatsin da ba su ci ba, wanda sau da yawa ya fi kuɗin muhimmanci. Yana zama alamar wahala ne idan ruwan shuka ya sauka ɗan cin rani bai dawo ba.

4.0 Makonnin Noman Firi

A nan ne gizo ke saƙar. Gero da dawa suna bukatar noman firi cikin mako biyu zuwa uku bayan shuka, sannan maimai ya biyo baya. Ciyawa ba ta jira. Wannan lokacin ne kuma kuɗin ƙwadago ya fi tsada, domin manyan manoma na neman hannu. Magidancin da rumbunsa ya ƙare yana da zaɓi biyu: ya shiga gonarsa da yunwa, iyali ma su kwana da ita, ko ya ɗauki fartanya ya tafi gonar wani ya dawo da kuɗin tiya ɗaya da yamma. Kusan kowa na biyun zai ɗauka, kuma babu mai ganin laifinsa. Sai dai gonarsa za ta sha noma a makare, gero ya yi ja, damin da zai ɗaure da kaka ya ragu. Daga wannan ɗan abin zai biya falle. Rumbun baɗi zai ƙare da wuri fiye da na bana.

Wanda ya ɗauke shi aiki kuwa ya yi nomansa a kan kari, ya karɓi hatsin bashi da kaka, ya ajiye har farashi ya tashi. Ba lallai ne a ce mugu ba ne. Clough ya nuna cewa irin wannan mai bayar da bashi yakan ɗaga wa mutanensa ƙafa, yakan ma yafe. Amma ko da kyakkyawar zuciya, lissafin yana gangarowa ne gefe ɗaya.

A da gandu yana rage wannan kaifi. Uba da 'ya'yansa masu aure suna noma babbar gona tare, kowa kuma yana da gayaunarsa, don haka ana iya tura mutum ɗaya ƙwadago sauran su ci gaba da aikin gida. Rarrabuwar gandu da tsagewar gonaki ta hanyar gado sun bar magidanta da yawa su kaɗai da fartanyarsu. Gayya ma, wadda ake yawan yabo, tana cin abinci. Wanda ba shi da abin ciyar da 'yan gayya ba ya kiranta. Zakkar hatsi, dami ɗaya cikin goma ga noman ruwan sama, da kaka take fita, lokacin da bukata ba ta kai ta Agusta ba.

5.0 Hannun Mata

Hill ta lura da wata kasuwa da ba a gani daga waje, wadda matan kulle ke gudanarwa daga cikin gida ta hannun yara 'yan talla: fura, ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, ƙosai, daddawa. Awaki da tumaki da yawa na mata ne, haka adashe da bikin da ake ramawa. A ƙa'ida ciyarwa a kan miji take, dukiyar mace kuma tata ce. A aikace, akuyar da ake kai kasuwa a watan Yuli sau da yawa ta uwargida ce, wani lokaci a matsayin rance ga miji. Binciken da ya ƙirga abin da ke hannun maigida kawai ya bar babban ɓangare na asusun gidan a waje.

6.0 Idan Kasuwa ta Juya

A 2005 Maraɗi, wadda ake ɗauka rumbun Nijar, ita ta fi ko'ina yawan yara masu tamowa. Fari da fara sun taɓa amfanin 2004, amma kasuwanni ba su rasa gero ba. Farashinsa ne ya fi ƙarfin mutane, a daidai lokacin da darajar dabbobi ta faɗi. Akuyar da a da za ta sayi buhu sai ta koma ba ta kai ko kusa ba.

A Najeriya, cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira sun ɗaga kuɗin taki da sufuri da ban ruwa, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. An ga mutane a arewa suna sayen afafata, ragowar shinkafar da a da ake ba kifi, suna dafawa. Masu cewa tsada riba ce ga manomi sun manta cewa yawancin ƙananan manoma masu sayen hatsi ne na tsawon watanni. A sassan Zamfara da Katsina kuma an ƙara da harajin 'yan bindiga kafin shuka ko girbi, da satar shanun huɗa, abin da ke cire matakan farko na jerin da gida ke bi gaba ɗaya ya jefa gida kai tsaye ga gudun hijira.

7.0 Tallafin da ya Dace da Kalandar Manomi

Shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya, wanda aka ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015, ya raba fiye da naira tiriliyan ɗaya, akasari a matsayin iri da taki da maganin feshi, kuma biyan bashin ya zama abin jayayya. Irin wannan shiri yana amsa tambayar abin da za a zuba a gona, ya bar tambayar abin da mai noman zai ci.

Tsarin jinginar hatsi da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta taimaka aka yaɗa a Nijar tun wajen 1999 ya fi kusa da tushen matsalar. Ƙungiyar manoma takan zuba buhunanta a sito da kaka, a sa kwaɗo biyu a ƙofa, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun da ya ba da rance. Manomi ya karɓi kuɗi ƙasa kaɗan da darajar hatsinsa, ya yi kiwo ko noman rani da shi, ya biya gab da damina, ya ɗebi hatsinsa a lokacin da ya yi tsada. Yana da nasa rauni. A shekarar da farashi bai tashi ba, kuɗin ruwa da na ajiya kan cinye ribar, kuma saboda kuɗin ruwan ana bukatar a nema masa sigar da malamai za su aminta da ita. Sannan sai mai rarar buhu ne ke shiga, shi kuwa magidancin da ya riga ya ci nasa a falle ba shi da abin kaiwa sito.